Katakon Da Mama Ta Hana A Ɗaga

"Ranar da ɗan gidan Krogh ya buga ƙusa ɗaya a falon nan, daga ranar na daina tako gidan nan. Ki rubuta ki ajiye."

Bodil ta faɗi haka ne tana yanka kek a kan dakalin taga, ko ɗago kai ba ta yi ba.

'Yarta Thyra ta tsaya da kofuna a hannu, ta rasa inda za ta ajiye su. Tebur babu, kujera babu, tun ranar Alhamis aka kwashe kayan falon aka kai ɗakin baya. Abin da ya rage shi ne tsohon daɓen katako na kakarta, wanda tafiya ta cinye har ya yi kwari a bakin ƙofa, sai guntayen katako bakwai da aka jera a tsakiyar ɗaki don ta zaɓi irin wanda za a shimfiɗa sabo. Sati uku ke nan tana kallonsu, har yau ba ta zaɓa ba.

"Mama, mutumin da zan aura fa kike magana a kansa."

"Mutumin da kike cewa za ki aura. Da bambanci."

"To ki faɗa min laifinsa. Na gaskiya, ba wanda kika ƙirƙiro da safen nan ba."

Bodil ta goge wuƙar da adiko, ta ce gahawa tana hucewa.

Nan ne kan Thyra yake ɗaurewa. Shekara biyu tana son Villads Krogh, kafinta mai shimfiɗa daɓen katako, shekara biyu uwarta tana ƙinsa, kuma kullum da sabon dalili. Da farko an ce ya taɓa aure ya rabu. Thyra ta tuna mata cewa ɗan ƙanwar ita Bodil ɗin aurensa uku, kuma shi ake fara zuba wa abinci ranar Kirsimeti. Sai aka ce ba ya magana. Ranar da ya yi magana aka ce ya cika surutu. Har motarsa an saka a ciki, wai tana zubar da mai a ƙofar gida, motar da ba ta taɓa tsayawa a ƙofar gidansu ba.

Ba wai akwai mai iya hana ta ba. Mace mai shekara talatin da ɗaya, ma'aikaciyar jinya, ga gidan da kakarta ta rasu ta bar mata a wannan ƙauye na kusa da Viborg, in ta ga dama ranar Talata ta ja hannunsa su je ofishin gunduma a ɗaura, su dawo kafin gahawar la'asar. Amma ita kaɗai iyayenta suka haifa, kuma ta san wadda ta haife ta. Bodil ta yi shekara goma sha tara ba ta ce wa yayanta ko sannu ba, a kan agogon bango. In ta ce ta daina zuwa, to ta daina. Thyra kuwa tana son saurayin, tana son uwar, burinta kawai ta gan su zaune a falo ɗaya ba tare da ɗaya ya tashi ba.

Babanta Preben, tsohon direban bas, yana zaune a kan wani kwali a bakin ƙofar kicin da jarida a hannu.

"Baba, kai ba ka ce komai ba."

"Ina ji," in ji shi, ya juya shafi.

Shekara biyu ke nan abin da yake cewa bai wuce haka ba.

Aka danna ƙararrawa. Asger ne, ɗan ƙawar Bodil ta ƙungiyar mawaƙan coci, manaja a wani babban shagon kayan gini a Viborg. Ya shigo da furanni a hannu da haƙoransa farare tas, ya cire takalmi ya jera su a bakin ƙofa kamar za a ɗauke su hoto. Thyra ba ta gayyace shi ba. Ta kalli uwarta, uwarta ta kalli kek.

Ko minti biyu ba a yi ba Villads ya iso, garin katako a gashinsa, abin awo a aljihu. Ya ga furannin, ya ga Asger, ya haɗiye abin da ya haɗiye.

"Sannu, Bodil."

"Sannu," ta amsa, tana kallon bango.

Cikin guntayen katakon nan bakwai, shida na Villads ne, itacen gaske tun daga sama har ƙasa, masu kauri da nauyi. Na bakwai na Asger ne, siriri mai ƙyalli, ya kawo shi tun makon jiya bisa umarnin Bodil.

Asger ya durƙusa ya ɗaga nasa.

"Thyra, kin ga wannan, aikin awa shida ne. Mu zo da safe, da yamma ki shigo da kujerunki. Ba a cire komai. A saman tsohon daɓen ake shimfiɗa shi, kowane falle ya kama ɗan'uwansa ƙas. Ba ƙura, ba hayaniya."

"Kin ji ko," in ji Bodil. "Ba a cire komai."

"Itacen da ke jikinsa bai kai kaurin tsabar kuɗi ba," in ji Villads. "Sau ɗaya za ki kankare shi, na biyu ki tarar da abin da ke ƙasa."

"Naka kuma sai an kwantar da shi a ɗaki sati biyu yana hutawa kamar mai jego."

"Sabawa yake da iskar gidan. In aka shimfiɗa shi da gaggawa zai kumbura ya banƙare."

"Kuma sai an fasa tsohon daɓen gaba ɗaya kafin a sa shi."

"Haka ne. Ba ya zama a saman wani."

Thyra ta bi katakan da kallo, ta ji kanta yana juyawa. Da safe itacen bøg take so, mai haske da ɗan ja-ja, yana sa falon ya yi faɗi. Da rana ta karkata sai ta ga ya yi kama da na ɗakin jiran likitan haƙori, ta koma wa itacen eg mai duhu. Shi ma eg ɗin iri uku ne, mai faɗi da siriri da mai ido-ido a jiki. An ce in an shafa masa mai zai yi duhu, in an wanke shi da ruwan sabulu yadda kaka take yi zai yi fari da laushi, amma sai a riƙa maimaitawa. Ta taka su da safa. Ta taka su ba safa. Ta zuba musu gahawa da gangan ta tsaya tana duba agogo. Ranar Laraba har kwanciya ta yi ta ɗora kumatu a kan kowanne, maƙwabciya ta leƙo ta taga ta ɗauka suma ta yi.

"Villads, kai wanne ka gani?"

"Ke za ki taka shi shekara hamsin. Ke za ki zaɓa."

Ke za ki taka, ya ce. Bai ce mu ba.

"Zo ka taya ni ɗauko madara," ta ce masa.

A kicin ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Kafin ta buɗe baki hawaye sun riga ta.

"Me kake nufi da ke za ki taka?"

"Abin da na faɗa."

"Kai fa? A iska za ka riƙa tafiya?"

Ya shafa kansa, garin katako ya zubo masa a kafaɗa.

"Thyra, ban san matsayina a gidan nan ba. Shekara biyu ina ajiye mota a bayan coci ina tahowa da ƙafa kamar ɓarawo. Yau na zo auna falon matar da zan aura, na tarar da wani da furanni yana koya min sana'ata."

"Ba ni na kira shi ba."

"Na sani. Amma ba ki kore shi ba."

"Ya zan kore shi? Uwarsa ce ta riƙe ni ranar da aka yi min baftisma."

"To ki auri uwar tasa."

Dariya ta kufce mata cikin kuka, sai kukan ya ƙaru. Ya matso ya riƙe hannayenta, hannunsa duk ya yi kanta saboda aiki.

"Ba na so ki rabu da mahaifiyarki saboda ni. Na rantse ba na so. Amma ba zan iya ƙara shekara ina jiran ta gama lissafa aibina ba. In na Asger kika zaɓa don ta ji daɗi, ba zan yi fushi ba, zan gane dai haka za mu ƙare, komai nawa sai an rufe shi da na wani don kada ranta ya ɓaci. Ni kuma ba zan iya wannan zaman ba."

"Katako ne fa, Villads. Katako kawai."

"In katako ne kawai, me ya sa kika yi sati uku?"

Ta buɗe firij ta tsaya tana kallon ciki, ta manta abin da ta zo ɗauka.

"Akwai abin da ya fi ɗaure min kai," ya ce, ya rage murya. "Tsohon daɓen nan aikin babana ne."

Ta juyo.

"Babanka Ejnar?"

"Ina da wani uban? Na san hannunsa. Yadda ya haɗa kusurwar bakin murhu, babu mai yin haka a duk yankin nan sai shi da ni. Jiya na tambaye shi, na ce Baba ka taɓa aiki a gidan kakar Thyra? Sai ya tashi ya ce zai fita da kare. Karen nan ya dawo daga yawo ko minti goma ba a yi ba."

"Mama ba ta taɓa cewa ta san babanka ba. Cewa take mutanen gidan Krogh, kamar sunan wata cuta."

Suka kalli juna, babu wanda ya fi wani fahimta.

Da suka koma falo, ba madara, Asger yana ba Preben labarin rangwamen bazara, Preben yana cewa yana ji. Bodil tana nan inda take tun safe, a jikin taga, ƙafafunta biyu cikin safa a kan katakon ƙarshe da ya haɗu da bango. Sai a lokacin Thyra ta lura cewa tun da suka shigo uwarta ba ta matsa daga wurin ba. Ko furannin Asger miƙa hannu ta yi ta karɓa daga nan.

Villads ya durƙusa a gefen bangon, ya shinshina, ya danna katakon da babban yatsa.

"Akwai warin danshi a nan. Ko wanne aka zaɓa, sai an ɗaga falle ɗaya an duba ginshiƙan ƙasa. In sun ruɓe, duk abin da aka shimfiɗa a kai zai lotsa."

"Babu wani danshi," in ji Bodil. "A gidan nan aka haife ni."

Asger, wanda duk da haƙoransa ba maƙaryaci ba ne, ya sunkuya shi ma ya shinshina.

"Gaskiya, Bodil, da ɗan wari. In akwai danshi ko nawa ba zai zauna ba. Gara a duba."

Ta watsa masa wani kallo, ya ji da ma bai zo da hanci ba.

"To ku ɗaga na wancan gefen."

"Ba zai ɗagu ba," in ji Villads. "Duk a sarƙe suke, kowanne bakinsa yana cikin na kusa da shi. Na ƙarshe kawai ake bugawa da ƙusa ta sama, shi ne ke fita ba tare da an fasa komai ba. Wanda kike tsaye a kai ke nan."

"Ba za a taɓa shi ba."

"Mama, falle ɗaya ne."

"Na ce ba za a taɓa shi ba!"

Muryarta ta cika ɗakin da babu kaya a ciki. Preben ya sauke jarida. Thyra ba ta taɓa jin uwarta ta ɗaga murya a gaban baƙi ba, ko ranar rigimar agogon bango a hankali ta yi maganarta ta ɗauki jaka.

Ta matsa kusa da ita.

"Mama, don Allah ki fahimtar da ni, kaina ya kulle. Ke kika ce daɓen nan ya tsufa, yana kama safa. Ke kika ce tun kaka tana da rai ya kamata a sake shi. Yanzu kuma kin tsaya a kansa kamar za a sace shi. Villads kike ƙi, ko katakonsa, ko me?"

"Ƙafar mahaifiyata ta taka shi."

"Ƙafar kaka ta taka kafet ɗin ɗakin kwana ma, ke kika jefa shi a bola da hannunki."

Bodil ta kama hannun 'yarta da hannu biyu, ta yi ƙasa da murya yadda mazan ba za su ji ba.

"Thyra, ban taɓa roƙonki komai ba. Da kika bar karatun lauya ban ce komai ba. Da kika aske kanki ban ce komai ba."

"Kin yi wata biyu kina magana."

"To yau roƙonki nake. Ki ɗauki na Asger a rufe wannan, a bar shi yadda yake. Ba sai kin auri Asger ba, ni ma na san ba kya sonsa, yaron ya cika haƙora. Ki auri kowa, ki je Aarhus ki samo wani, ko mai zanen jiki har wuya ne zan karɓe shi. Ban da wannan."

"Me ya yi miki?"

"Bai yi min komai ba."

"To me ya sa?"

"Saboda ni uwarki ce, na ce a'a."

Hawaye suna zuba a fuskar Bodil, suna zuba a ta Thyra, kowacce tana riƙe da hannun 'yar'uwarta, kuma har yanzu Thyra ba ta san a kan me suke kukan ba. Ta waiwaya. Villads yana durƙushe da ƙarfen cire ƙusa a hannu, idonsa kawai yake kanta. Ta san in ta ce a bari, zai mayar da ƙarfen cikin akwati, ya sa takalminsa, ya tafi bayan coci inda ya ajiye mota, kuma ba zai sake ajiye ta a can ba.

Tsoro ya kama ta sosai. Amma gajiya ta fi tsoron yawa.

"Mama, gidana ne," ta ce. "Ki matsa."

Bodil ta kalle ta kamar ba ta san ta ba. Sannan ta saki hannunta, ta ja da baya taku biyu, ta jingina da bango.

Ƙusoshin sun yi ƙara kafin su saki. Villads ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga katakon a hankali, ƙura da sanyin ƙasa suka taso. Ya haska fitilar wayarsa ciki.

"Ginshiƙan lafiya lau. Ruwan taga ne kawai yake ɗan..."

Bai ƙarasa ba. Ya juya katakon a hannunsa, ya tsaya cak.

Masu wannan sana'a suna da al'ada, in sun zo kan fallen ƙarshe sai su rubuta sunansu da ranar a bayansa kafin su buga, don wanda zai ɗaga shi wata rana ya san hannun da ya yi aikin. Villads ma yana yi. Saboda haka layin farko bai ba kowa mamaki ba. Da fensirin kafinta, manyan baƙaƙe: Ejnar Krogh, 14 ga Yuni, 1986.

A ƙasansa akwai wani layin da hannu ɗaya. Bodil, ki jira ni, zan dawo in shimfiɗa namu.

A ƙasan wannan kuma, da ƙananan baƙaƙe masu kwanciya, irin waɗanda Thyra take gani a katin zagayowar ranar haihuwarta kowace shekara: Zan jira. B.

Abu na farko da Thyra ta yi, kuma har ta mutu ba za ta faɗa wa kowa ba, shi ne lissafi da yatsu a bayan siket. Tamanin da shida. Ita an haife ta a casa'in da uku. Shekara bakwai tsakani, ashe ita ba 'yar Ejnar ba ce. Ta saki numfashi. Ta kalli Villads, ta ga leɓensa yana motsi, ashe shi ma lissafin yake.

Asger ya duba agogonsa ya ce ya tuna an bar shago ba kowa, alhali kowa ya san shagon yana da ma'aikata talatin. Ya sa takalmi ko igiya bai ɗaure ba.

Bodil ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Shekarata ashirin da biyu," ta ce, ba tare da an tambaye ta ba. "Ya sami aiki a Greenland, ya ce shekara ɗaya. Na jira shekara ɗaya. Na ƙara rabi. Wasiƙa ta koma wata-wata, sannan ta tsaya. Na yi fushi, kin san fushina. Na auri babanki. Wata ɗaya da bikin ya dawo da zobe a aljihu, ashe ciwo ya kwantar da shi a can. A bakin shagon burodi muka haɗu, ya kalli hannuna, ya ce barka. Daga ranar ba mu sake magana ba."

"Mama..."

"Ina son babanki, kada ki kalle ni haka. Ina sonsa. Amma in kin auri yaron nan, Ejnar zai zauna a teburina ranar biki, da ranar suna, da kowace Kirsimeti har in mutu. Matarsa ta rasu shekara uku ke nan, na sani, na karanta a jarida na ɓoye shafin. Ban san abin da fuskata za ta yi ba in ya ce in miƙo masa gishiri. Ban sani ba, Thyra. Kuma babanki yana zaune a wurin."

Sai a lokacin Thyra ta tuna da babanta. Ta yi wuf ta karɓe katakon daga hannun Villads ta kife shi a ƙasa.

"Ba sai kin kife shi ba," in ji Preben.

Ya ninke jaridarsa gida huɗu, ya tashi daga kan kwalin da ƙyar saboda gwiwa, ya tako har inda suke.

"Na san abin da ke jiki. Ranar Asabar ce, Ejnar ya ce in zo in taya shi ɗaga katakai, zai saya min giya. Ni na riƙe ɗaya bakin yana rubutu. Da kika karɓi fensirin, Bodil, na kau da kai na kalli taga, amma hannuna yana jin katakon yana motsi. Ba ki daɗe ba. Na san ba a'a kika rubuta ba."

Bodil ta ɗago, bakinta a buɗe.

"Ka sani? Tun tuni?"

"Tun kafin ki san sunana na biyu."

"Kuma ka aure ni?"

"Da gudu ma. Ina tsoron kada jirgin Greenland ya riga ni."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"Ke me ya sa ba ki faɗa ba? Duk ranar Lahadin da muka zo gaishe da mahaifiyarki, a nan kike tsayawa da kofinki. Shekara talatin da wani abu. Kina gadin katako, ni ina gadinki." Ya numfasa. "Na yi shiru saboda abin namu ne mu uku, kuma ni na ci riba. Amma shekara biyu ina kallon yarinyar nan tana ramewa a kan abin da aka rubuta kafin a haife ta, ina cewa ina ji, ina ji. Na ji kunyar kaina. Ya isa haka."

Thyra ta kasa gane ko ta rungume babanta, ko uwarta, ko ta fita waje ta sha iska. Ta tsaya a tsakiya tana kuka, Villads ya zo ya tsaya a gefenta, wannan karon bai ɓoye hannunsa da ke riƙe da nata ba.

Bodil ta kalli ramin da aka buɗe a jikin bango. Sannan ta share fuska da bayan hannu, ta miƙa wa mijinta hannu ya tashe ta.

"Villads."

Karo na farko ke nan da ta kira sunansa.

"Na'am, Bodil."

"Ranar Lahadi, ƙarfe shida. Za a gasa nama. Ka zo kai kaɗai."

"Da babansa," in ji Preben.

"Preben!"

"Ni zan je in ɗauko shi da motata. Abokina ne kafin ya zama komai naki, ni ma na yi kewarsa."

"In na yi kuka a tebur fa?"

"Sai in miƙo miki adiko, mu ci gaba da cin abinci."

Bodil ta ɗauki jakarta, ta bar kek ɗin a kan taga, ta nufi ƙofa Preben yana bin ta a baya.

Villads ya sunkuyo kusa da kunnen Thyra.

"To, wanne za a kawo?"

Ta kalli katakan nan da idanu jajaye, mai haske da mai duhu da mai ido-ido, duk suka haɗe mata.

"Na rantse har yanzu ban sani ba."

Bodil tana gab da fita. Ta tsaya a tsakiyar falon, ba ta waiwayo ba, ta sa yatsan ƙafa ta tura ɗaya daga cikin na Villads, eg mai faɗi mai duhu, har ya fita daga layi.

"Wannan," ta ce. "Ba ya nuna datti in yara sun fara rarrafe."